Yadda Ake Yi wa Samfurin Jirgi Marar Matuƙi Rajista da Samar Masa Takardar Gwaji a Amurka

Tambayar da ta fi yawan zuwa mini daga ɗalibanmu da injiniyoyinmu da ke karatu ko aiki a Amurka ita ce wannan: mutum ya gama haɗa jirginsa marar matuƙi, ya tayar da shi a cikin ɗakin gwaji ya ga yana tafiya yadda yake so, to wace ƙofa zai fara ƙwanƙwasawa kafin ya fitar da shi fili? A cikin gini mai rufi babu ruwan hukuma da kai, amma da zarar jirgin ya shiga sararin samaniya, ko da a bayan gidanka ne, ya shiga hurumin hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙasar, wato FAA.

Abin da ke ɓata wa yawancin masu nema lokaci shi ne rashin bin matakan a jere, domin kowace takarda tana dogara ne da wadda ta gabace ta, kuma dukkansu dole su yi magana a kan jirgi guda, mai suna guda, mai nauyi guda, wanda zai tashi a wuri guda saboda dalilin da aka ambata. Na jera matakan ne yadda ya kamata a bi su, kuma na ajiye kowane gargaɗi a gefen matakin da ya shafa.

1. Auna jirgin, sannan ka zaɓi hanya

Kafin ka cike fom ko guda, ɗora jirgin a kan sikeli yana ɗauke da duk abin da zai tashi da shi: batir ko mai, kyamara, na'urorin aune-aune da duk wani kaya da ka rataya masa. Iyakar da doka ta yanka ita ce laba 55, wato kusan kilo 25, a lokacin tashi.

Idan jirgin bai kai wannan nauyi ba, akwai yiwuwar ba ka buƙatar takardar gwaji, wato shaidar ingancin jirgi da FAA ke ba jirgin da ake gwadawa, kwata-kwata, kuma wannan ne abin da na fi son mai karatu ya fara fahimta. Dokar ƙananan jirage marasa matuƙa, wadda aka fi sani da Sashe na 107, ba ta neman takardar shaidar ingancin jirgi, ko da kuwa kai ka ƙera shi da hannunka. Abin da take nema shi ne ka yi masa rajista ta intanet a shafin FAA mai suna FAADroneZone a kan dala 5, wadda ke aiki shekara 3, sannan mai tuƙa shi ya mallaki lasisin matuƙi daga nesa. Ana samun lasisin ne ga wanda ya kai shekara 16, ya ci jarrabawa mai tambaya 60 da aƙalla kashi 70 cikin ɗari, kuɗin zama kuwa wajen dala 175 ne. A ƙarƙashin wannan doka jirgin ba zai wuce ƙafa 400 daga ƙasa ba, ba zai wuce gudun mil 100 a awa ba, kuma ba zai ɓace wa idon matuƙi ko mai taya shi kallo ba. Wasu daga cikin waɗannan sharuɗɗa ana iya neman a sassauta su, amma ban da nauyi.

Wanda jirginsa ya kai laba 55 ko ya zarce, ko kuma gwajin da yake son yi ya fi ƙarfin abin da Sashe na 107 zai lamunta, shi ne mai buƙatar takardar ingancin jirgi ta musamman a rukunin gwaji. Sauran matakan nan nasa ne.

Gargaɗi: kada ka auna jirgin babu kaya ka ce ya tsaya a laba 52, alhali ka san wata mai zuwa za ka ƙara masa batir na biyu. Ranar da ya haura iyakar, rajistar intanet ɗin da lasisin ba su ƙara rufe shi ba. Haka kuma, sassaucin da ake yi wa jirgin da bai kai giram 250 ba na masu wasa ne kawai. Wanda ke aikin kamfani ko na kasuwanci zai yi wa jirginsa rajista komai ƙanƙantarsa.

2. Tsayar da ƙirar, ka raɗa masa suna da lamba

Injiniya ba ya gajiya da gyara, kuma a nan ne halinsa ke cutar da shi. Tun da FAA za ta duba jirgin ne a kan abin da ka rubuta, sai ka tsayar da rana ka ce daga yau wannan ce siffar da za a kai gaban hukuma: tsawon fiffike kaza, inji iri kaza guda kaza, farfela kaza, manhajar tuƙi fitowa ta kaza. Ka zana shi ta fuska uku, gaba da gefe da sama, tare da ma'auni, ko ka ɗauki hotuna masu kyau ta waɗannan fuskoki.

Sannan ka tsayar da abubuwa uku da za su bi jirgin har ƙarshen rayuwarsa: sunan wanda ya ƙera shi, sunan samfurin, da lambar ƙira. Tun da kai ne maƙerin, kai za ka ƙirƙiri lambar. Ka rubuta ukun nan a takarda guda, ka manna ta a bangon ɗakin aiki, kuma duk wanda zai cike fom a cikinku ya kwafa daga nan harafi bayan harafi. Abin kamar wasa ne, amma idan fom ɗin rajista ya ce lambar ƙira 001, takardar rantsuwa ta ce 01, farantin da ke jikin jirgi kuma ya ce 0001, to a idon ma'aikacin rajista jirage uku ke nan, kuma takardunka za su dawo maka bayan makonni da wasiƙar neman gyara.

3. Tantance wanda zai zama mai jirgin a takarda

Wannan mataki ya fi shafar baƙi irinmu. Dokar Amurka ta taƙaita rajistar jirgi ga ɗan ƙasa, ko baƙon da ke da izinin zama na dindindin, ko kamfanin da ya cika sharaɗin zama ɗan ƙasa, ko kuma kamfanin baƙi da aka kafa a ƙarƙashin dokar Amurka muddin jirgin zai zauna a ƙasar kuma aƙalla kashi 60 cikin ɗari na awannin tashinsa a cikinta za a yi su. Ɗalibin da ke zaune da bizar karatu bai shiga ko ɗaya daga cikin rukunan mutane biyun farko ba, saboda haka hanyar da ta fi sauƙi gare shi ita ce jami'a ko kamfanin da yake aiki a ƙarƙashinsa ya zama mai jirgin.

Ka zauna da su ku warware wannan tun da wuri, a rubuce, har da batun wanda ya mallaki fasahar, domin ofishin lauyoyin jami'a ba ya sauri, kuma babu abin da zai motsa sai an san sunan da za a rubuta.

Gargaɗi: kada ka ari sunan aboki ɗan ƙasa don kawai a samu wucewa. Fom ɗin rajista shaida ce da ake sa wa hannu a gaban gwamnatin tarayya, kuma yin ƙarya a cikinsa laifi ne da ke iya kai ku duka biyun kotu.

4. Lambar N da rajistar takarda

Jirgin da ya kai laba 55 ba a yi masa rajistar intanet irin ta ƙananan jirage. Ana bin dokar rajistar jirage ta Sashe na 47 ne, hanyar da jiragen fasinja ma ke bi, ta ofishin rajistar jirage na FAA da ke birnin Oklahoma, kuma a ƙarshe a ba shi lamba mai farawa da harafin N. Ko jirginka bai kai nauyin ba, idan dai takardar gwaji kake nema, shawarata ita ce ka bi wannan hanya, domin lambar N ce kowane ofishi da za ka shiga nan gaba ya saba gani.

Idan kana son wata lamba ta musamman, za ka iya kama ta a kan dala 10, ta zauna da sunanka shekara 1. Bayan harafin N ba a wuce gurbi biyar, ba a farawa da sifili, haruffa ba sa wuce biyu kuma a ƙarshe suke zuwa, sannan ba a amfani da I da O don kada su rikice da 1 da 0. Wanda bai damu da zaɓi ba, hukuma za ta ba shi wadda ta samu.

Takardun da za ka haɗa su ne fom 8050-1 na neman rajista, da shaidar mallaka, da dala 5. Tun da jirgin ba sayensa ka yi ba balle ka kawo rasit, shaidar mallakarka ita ce takardar rantsuwa, fom 8050-88, wadda za a sa wa hannu a gaban jami'in da doka ta ba ikon shaida rantsuwa. A cikinta za ka bayyana maƙeri da samfuri da lambar ƙira, ko jirgin mai fiffike ne ko mai farfela a sama, mafi girman nauyinsa a lokacin tashi, adadin injinansa da irinsu, da kuma ko daga ƙasa yake tashi ko daga ruwa. Idan gangar jikin ko wani babban sashe sayensa ka yi, ka ajiye takardar cinikin. Idan mai jirgin kamfani ne, wanda zai sa hannu ya rubuta muƙaminsa, kuma a buga sunansa ɓaro-ɓaro a gefen sa hannun, domin rashin wannan kaɗai yana sa a mayar da takarda.

Takardar rajistar da za ta fito, fom 8050-3, tana aiki shekara 7.

Gargaɗi: a harkar jirage akwai al'adar tashi da kwafin fom ɗin neman rajista kafin ta ainihi ta iso, amma wannan dama ta jirgin da ya taɓa samun rajista a Amurka ce. Sabon samfuri sai ya jira. Tayar da jirgin da ya kamata a yi wa rajista ba tare da ita ba yana iya jawo tara har dala 250,000 da ɗaurin shekara 3.

5. Rubuta alamomi a jikin jirgin

Da lambar ta tabbata, ka rubuta ta a jikin jirgin ta waje da fenti ko manni mai ƙarko, da launin da ya bambanta da na jikin, a girman da dokar alamomi ta Sashe na 45 ta tanada, ko mafi girman da jikin zai ɗauka idan bai isa ba. Ka rubuta kalmar EXPERIMENTAL inda za a gan ta, sannan ka kafa farantin shaida wanda wuta ba ta ci, ɗauke da sunan maƙeri da samfuri da lambar ƙira.

Akwai kuma dokar shaida daga nesa, Sashe na 89, wadda ta fara aiki a kan masu tuƙi ranar 16 ga Satumba 2023. Tana buƙatar jirgin da ke da rajista ya riƙa watsa lambarsa da wurin da yake yayin tashi. Mafi sauƙi ga samfuri shi ne a saya masa ƙaramar na'urar watsawa a ɗaura, a sanar da FAA lambarta. Masu binciken fasahar jirage na iya neman izinin tashi ba tare da ita ba, amma izini ne da ake nema a rubuce, ba a ɗaukarsa da ka.

6. Wasiƙar bayanin shiri

Nan ne zuciyar aikin, kuma nan ya kamata ka ɓata mafi yawan lokacinka. Umarnin cikin gida da ma'aikatan FAA ke bi wajen duba jirage marasa matuƙa shi ne mai lamba 8130.34, kuma kowa na iya sauke shi kyauta. Ka karanta shi kafin ka rubuta kalma guda, domin tsarin wasiƙar da tambayoyin da za a yi maka duk suna ciki. Wanda ya karanta shi kamar ɗalibi ne da aka nuna wa takardar jarrabawa tun da dare.

Abu na farko a wasiƙar shi ne dalilin gwajin, kuma ba da bakinka za ka ƙirƙira shi ba. Doka, a sashe na 21.191, ta lissafa dalilan da ake ba da takardar gwaji saboda su. Waɗanda suka fi shafar mai samfuri su ne bincike da haɓaka fasaha, nuna cewa jirgi ya cika ƙa'idoji, horar da ma'aikatan da za su tuƙa shi, baje koli, da nuna shi ga masu saye don auna kasuwa. Ka zaɓi wanda da gaske za ka yi. Mutane kan ga kamar dabara ce su tara dalilai da yawa tun farko don kada su dawo, amma kowane dalili yana jawo nasa sharuɗɗa. Nuna jirgi ga masu saye, alal misali, yana buƙatar a ce ya riga ya yi awa 50 a sama, sai dai in FAA ta ga dalilin ragewa. Sabon samfuri ya fara da bincike da haɓaka fasaha, in ya so a ƙara da horar da ma'aikata.

Bayan dalili, sai ka faɗi abin da za a gwada filla-filla, da yawan tashi ko awannin da kake hasashen gwajin zai ci, da yankin da za a yi shi, da iyakokinsa a kan taswirar jirage, da mafi tsayin da za a kai, da mafi girman gudu. Ka bayyana jirgin da tashar sarrafa shi ta ƙasa da hanyar sadarwar da ke tsakaninsu, domin a wurin hukuma ukun nan abu guda ne. Ka ambaci waɗanda za su tuƙa da waɗanda za su yi kallo, da irin lasisi da horon kowannensu.

Wasiƙar da ke tafiya da sauri ita ce mai ƙanƙan da kai. Wanda ya rubuta cewa zai yi tashi 20 da rana, ƙasa da ƙafa 1,000, a cikin da'irar mil guda a kan gonar da ba kowa, ya ba mai dubawa abin da zai iya amincewa da shi. Wanda ya rubuta cewa zai gwada komai a ko'ina cikin jihar, dare da rana, ya sayi tambayoyin wata da watanni. Ana iya faɗaɗa iyaka daga baya idan jirgin ya tara tarihin tashi lafiya.

Da wasiƙar za a haɗa fom 8130-6, wanda shi ne ainihin takardar neman shaidar inganci, a miƙa ta ofishin FAA mai kula da masu ƙera jirage a yankinka. Ka kira su tun kana rubutu, kada ka bari sai ka gama.

7. Jerin tambayoyin kariya da auna haɗari

FAA tana sanya jirage marasa matuƙa a rukuni uku na haɗari, gwargwadon nauyi da gudu da tsayin tashi da kuma ko jirgin ya taɓa tashi a baya. Yadda rukunin ya hau, haka takardun da za a nema ke ƙaruwa. Ga manyan rukunai za a buƙaci cikakken jerin amsoshi kan kariya, da tsarin gwajin tashi mataki-mataki, da littafin tuƙi, da tsarin dubawa da gyara, da lissafin nauyi da daidaito. Daga nan ƙwararrun hukumar za su yi nazari, kuma suna iya kiran ka zama don ka kare abin da ka rubuta.

Duk tambayoyin suna komawa ne ga abu guda: idan wani abu ya lalace, ina jirgin zai faɗi, kuma a kan wa? Wadda ta fi kowace nauyi ita ce ta yankewar sadarwa. Dole ka iya faɗin daƙiƙa nawa jirgin zai jira bayan sigina ta ɗauke, wane tsayi zai hau ko ya sauka, ta wace hanya zai bi ya dawo, a ina zai yi ta kewaye yana jira, da abin da zai yi idan batir ya kusa ƙarewa ba a dawo da sadarwar ba. Haka za ka amsa game da ɓacewar siginar tauraron ɗan Adam, da mutuwar inji, da mutuwar kwamfutar da ke ƙasa, da fitar jirgin daga iyakar da aka shata masa. Idan yana da na'urar katse tashi, wadda ke kashe inji ko ta buɗe lema, ka nuna cewa tana da nata batir da tata hanyar karɓar umarni, domin birkin da ya dogara da abin da ya riga ya lalace ba birki ba ne.

Gargaɗi: kada ka kwafo amsa daga littafin manhajar tuƙi ka ce haka jirginka ke yi. Ka ɗaure jirgin a ƙasa, ka cire farfela, ka kashe na'urar sarrafawa, ka duba agogo, ka rubuta abin da ya faru da gaske. Sau da yawa za a tarar wurin da aka ce jirgi ya koma idan sadarwa ta yanke har yanzu ɗakin aikin da aka fara kunna shi ne, a tsakiyar gari, ba filin gwaji ba.

8. Fili, izinin sararin samaniya da mitar rediyo

Takardar gwaji tana magana ne a kan jirgi. Ba ita ke ba ka sararin da za ka tashi a ciki ba. Wannan izini na daban ne, ana kiran sa COA, kuma sashen kula da zirga-zirgar jirage na FAA ne ke ba da shi. Ka nemi shi a lokaci guda da matakai na 6 da na 7, kuma ka tabbata iyakokin da ke cikinsa su ne daidai waɗanda ke cikin wasiƙarka. Doka ta ce gwajin jirgi a kan buɗaɗɗen ruwa ake yin sa ko a yankin da mutane ba su da yawa kuma jirage ba sa yawan bi. Tun da babu matuƙi a ciki da zai ga wani jirgi ya kauce masa, za a buƙaci masu kallo a ƙasa, ko jirgi mai matuƙi da zai riƙa bin sa a baya idan zai yi nisa.

Wanda ba shi da fili zai iya zuwa ɗaya daga filayen gwaji da FAA ta amince da su. A ƙarshen 2013 ta zaɓi guda shida, a Alaska da Nevada da New York da North Dakota da Texas da Virginia, daga baya aka ƙara na New Mexico. Ana biyan su kuɗi, amma sun san hanya, suna da masu kallo, kuma a ganina ga ƙaramin kamfani kuɗin ya fi araha a kan watannin da zai ɓata yana neman fili shi kaɗai.

Rediyon da ke haɗa jirgi da ƙasa kuwa ba hurumin FAA ba ne, na hukumar sadarwa ta FCC ne. Idan kana amfani da mitar da aka buɗe wa kowa, da na'urar da aka amince da ita, ba tare da ka ƙara mata ƙarfi ba, babu damuwa. Idan ka fita daga nan, sai ka nemi lasisin gwaji daga FCC.

9. Ranar dubawa

Bayan an gamsu da takardu, sufeton FAA ko wakilin da hukumar ta ba izini zai zo ya ga jirgin da idonsa. FAA ba ta karɓar kuɗin ba da takardar, amma wakili mai zaman kansa yana da nasa farashi, har da kuɗin tafiya, sai ku yi ciniki tun kafin ya taso.

Ka shirya jirgin a haɗe cikakke kamar zai tashi, murfin kowane sashe a buɗe ko mai sauƙin buɗewa, tashar sarrafawa a kunne, batura a cike. A kan teburi guda ka jera takardar rajista, da littafin tarihin jirgi wanda aka rubuta a cikinsa cewa an duba shi an same shi lafiya, da lissafin nauyi, da littafin tuƙi, da lasisin ma'aikata. Sufeto zai fara ne da gwama lambar farantin da ta takarda. Daga nan zai bi wayoyi da ƙusoshi da mahaɗar fiffike, ya ce a motsa sandar sarrafawa ya ga ko kowane sashe yana juyawa ta inda ya dace, sannan ya ce a yanke sadarwa a gabansa. Wanda ya yi gwajin da na ambata a mataki na 7 zai tsaya hankali kwance. Wanda bai yi ba, a nan zai gano.

Idan komai ya yi, za a ba ka fom 8130-7 tare da takardar sharuɗɗan aiki. Ka karanta sharuɗɗan a gaban sufeton, layi-layi, kafin ya tafi, domin ɓangare ne na takardar kuma karya ɗaya daga cikinsu karya doka ne. Idan akwai wanda bai dace da gwajinka ba, lokacin magana ke nan.

10. Bayan an samu takarda

Jirgin gwaji ba ya ɗaukar kaya ko mutane don a biya shi, kuma ba a amfani da shi sai don dalilin da aka rubuta. Mai son yin feshin gona ko ɗaukar hoto na kuɗi da jirgi mai nauyi wata hanya daban zai bi, wadda ake kira izinin sashe na 44807.

Kafin kowane tashi za a fitar da sanarwar gargaɗi ga matuƙa, wato NOTAM, yawanci tsakanin awa 72 zuwa 24 kafin lokacin, kamar yadda takardar COA za ta faɗa. Takardun jirgin su kasance a wurin da matuƙi yake tsaye. A rubuta kowane tashi da kowane gyara a littafi, har da sauya manhaja. Babban canji, irin sabon inji ko ƙarin nauyi ko sabuwar hanyar sadarwa, sai an sanar da FAA kafin a tashi da shi. Takardar tana da wa'adi a rubuce a fuskarta, haka ma COA, kuma ba lallai su ƙare rana ɗaya ba, sai ka sa duka biyun a kalanda ka fara neman sabuntawa da sauran watanni.

Gargaɗi: tun daga 2022, duk jirgi marar matuƙi da ke riƙe da takardar inganci, idan ya yi mummunar lalacewa, hatsarin jirgin sama ne a idon hukumar binciken haɗurra ta NTSB, komai ƙanƙantarsa, ko da bai taɓa kowa ba. Dole a sanar da ita nan take, kuma kada a kwashe tarkacen ko a goge bayanan tashi sai ta ba da izini.

11. Idan za ka kawo shi gida

Takardar gwaji ta Amurka ba ta ba ka ikon tashi a wata ƙasa; sai ƙasar ta ba da nata izini. Tun kafin wannan ma, fitar da jirgin, ko zanensa, ko manhajarsa daga Amurka na iya faɗawa ƙarƙashin dokokin taƙaita fitar da fasaha, kuma aika fayil ta imel zuwa Kano ko Yamai fitarwa ce a wurin doka. Ka tambayi ofishin da ke kula da wannan a jami'arka ko kamfaninka kafin ka tura komai.

A Najeriya, shigo da jirgi marar matuƙi yana buƙatar takardar shaidar mai amfani daga ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, tayar da shi kuma yana buƙatar izinin hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Najeriya, wato NCAA. Ka samu takardar ofishin tsaron a hannu kafin a ɗora akwatin a jirgi, domin idan ya iso babu ita, a hannun kwastan zai zauna.